Ka Daina Tare Wa Wasu Iska

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ƙafafun nan naka masu albarka. Allah Ya ƙara tsare ka. Mu nan kowa lafiya, in ka cire ƙugun ubanka.

Ga yadda aka yi. Ranar tserenku na dogon zango na fito da talabijin ƙofar shagona na faci, na tara unguwa. Da na gan ka a gaba, manyan gwanaye na bin ka kamar 'yan tsaki, sai na haye benci ina ihu, benci kuwa ya ce bai san zancen ba. Ina ƙasa ina nishi aka ce wai ka koma gefe ka tsaya, har da murmushi! Sai ƙanwarka mai boko ta fahimtar da ni cewa hayarka aka yi ka ja gaba, ka tare musu iska, ka daidaita musu gudu, in an yi nisa ka ba su wuri. Mahaucin unguwarmu ya ce ashe ɗan rakiya na haifa.

Jiya ta karanta mini saƙonka, wai mai horar da kai ya ce ka isa ka yi tseren kanka har ƙarshe, amma kana tsoron sakin jan gaban tun da shi ke ciyar da mu. Sake shi, ɗana! Tayoyi ba su daina fashewa ba, ba za mu kwana da yunwa ba. Tun da na ji, murna ta hana ni zama, ko da yake ƙugun ma ya taimaka.

Dabara kuwa, babarka ta ce ka gaji ubanka: ka laɓe bayan mutane su sha wahalar, sai an kusa gamawa ka fito kamar da kai aka fara. Ta ce shekara da shekaru tana gani, abin bai taɓa kuskure mini ba.

Ita da ƙanwarka da kawunka direba suna gaishe ka. Ka gaishe da mai horar da kai.

Sai abu ɗaya. Cikin zafin rai na rantse gaban jama'a cewa ranar da ka tsallake layin ƙarshe zan goya mahauci har bakin titi, don ya san waye ɗan rakiya. Ka san girmansa. Na fara gwaji da buhun siminti, kai dai ka ƙarasa naka.

Ni ne ubanka,
mai faci, mai jinyar ƙugu.