Rigar Surayya a Kasuwar Gaya

Assalamu alaikum Hajiya Hanne. Ki yi haƙuri da zan ci miki lokaci, na san masu manyan matsaloli na jira. Ni tawa maganar riga ce kawai, amma ta hana ni sukuni, kuma na rasa wanda zan faɗa wa ba a ce imanina ya yi rauni ba. Don Allah ki taimake ni.

Ni mutuniyar Gaya ce, na haura hamsin. Bara da damina Allah Ya karɓi autata Surayya bayan jinyar kwana tara. Shekararta ashirin, ba ta yi aure ba. Ɗinki take yi, kekenta na nan na lulluɓe shi da zani. Yarinya ce mai son kwalliya, ni kuwa allo da hijabi na tashi na sani, don haka mun sha saɓani a kan sutura.

Akwai wani zanen saƙi na mahaifiyata, baƙi mai ratsin fari, wanda aka kawo ta da shi daga Toranke tana amarya. Asu ya cinye yawancinsa a akwati. Wata rana Surayya ta ɗauko shi ba ta tambaye ni ba, ta yanke ɗan abin da ya rage mai kyau, ta bi bakin hannu da wuyan wata doguwar riga ruwan toka da shi. Na yi faɗan da ban taɓa yi mata ba. Na ce ta wulaƙanta kayan uwata don samarin bakin titi su kalle ta. Sai ta yi dariya, wai Kaka ta gaji da zaman akwati, ita za ta riƙa fita da ita shan iska. Ban yi dariya ba. Na ce kada in ƙara ganin rigar a idona. To ba ta daina sawa ba, sai dai ta ɗora hijabi har ta wuce zaure. 'Yanmatan unguwa kuwa suka ɗauka, kowa na kawo ɗinki a yi mata "bakin Surayya", wata da ƙyallen atamfa, wata da shadda. Har yau in na fita sai na gani a jikin yaran da ba su ma san ta ba.

Bayan sadakar arba'in na kasa kallon kayanta. Da yardar mahaifinta na tattara duk suturarta, ko ɗankwali ban bari ba, na ba ƙanwarsa Kubura da ke aure a Ajingi na ce ta rabar sadaka, Allah Ya kai ladan kabarin yarinyar. Na roƙe ta ta kai can ƙauye inda idona ba zai gani ba. Na manta mutanen ƙauyen kasuwarmu suke ci.

Wata uku da suka wuce, ranar kasuwa, ina tsaye wajen masu kayan miya sai na hango wata ta sauko daga a-daidaita-sahu, ta ba ni baya. Rigar ce. Tsayin ma ɗaya. Wallahi ban san lokacin da na saki ledar tumatir na bi ta ba, kuma Allah Ya yafe mini, sunan 'yata na kira. Yarinyar ta juyo ta durƙusa ta gaishe ni, tana tambaya ko ɓatan hanya na yi. Sunanta Muhsina, daga Gafasa ta ƙasar Ajingi take kawo ƙuli-ƙuli.

Tun daga ranar ban fasa kasuwa ba. Ita ce rigar fitarta, kusan kullum da ita take zuwa. Ina sayen ƙuli-ƙulin da haƙorana ba sa iya taunawa, don in tsaya kusa in kalli ɗinkin. Akwai inda zare ya karkace a hannun hagu, na san ranar da aka yi shi. Tana ce mini Inna. Ta ce a bikin ƙawarta an yi ta tsokanarta wai 'yar Gafasa ta fi 'yan birni iya gayu. Ba ta san ko ni wace ce ba, kuma wannan ɓoyon ma yana damuna, don gani nake kamar yaudara ce.

Kasuwar da ta wuce ta nuna mini saƙin ya fara zarewa, ta ce kafin Sallah za ta kai wa tela ya ɓanɓare shi ya sa mata mai ƙyalli. Hajiya, na dawo gida na kasa cin tuwo. Abin da ya rage mini na uwata da na 'yata ke nan, zai ƙare a sharar tela.

Na yi karatu daidai gwargwado, na san ba a koma wa sadaka. Ina tsoron in karɓa in rage wa Surayya lada, bayan na ɓata mata rai a kan rigar tana raye. Ina kuma tsoron in yi magana yarinyar ta tsani rigar in ta ji ta mamaciya ce. Maigidana bai san komai ba. In roƙa ne ko in kawar da kai? Sallah saura mako uku. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Wata uwa daga Gaya

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah Ya jiƙan Surayya da mahaifiyarki. Ba ki ci mini lokaci ba, kuma kewar ɗa ba raunin imani ba ce.

Bari mu fara da Muhsina. Rigar tata ce, halak malak. Ladan Surayya ya tabbata tun ranar da aka miƙa, in sha Allahu. Kada ki roƙi rigar, kada kuma ki ce za ki musanya mata da sabuwa. Yarinya mai kunya ba za ta iya ce wa babba a'a ba, abin da aka karɓa da kunya kuwa ba ya da daɗin riƙewa. A nan tsoronki na kan hanya.

Amma shirun bai yi ba. Ita tana shirin yar da abin da ba ta san darajarsa ba, ke kina ƙuna, alhali magana ɗaya za ta raba. Kada ki damu da batun kayan mamaci, wanda aka ba sadaka daga hannun Kubura ya san daga inda irin kayan ke fitowa. Labarin ne ba ta sani ba.

Ki fara gaya wa maigidanki, shi ma 'ya ya rasa. Sannan ki sa Kubura ta raka ki Gafasa a cikin makon nan. Ba a kasuwa ba, a gida, gaban mahaifiyarta. Ki ba su labarin saƙin kamar yadda kika ba ni. Ki faɗa da bakinki cewa ba karɓa kika zo yi ba. In tana son saƙin, ki ce ta bari ki kama mata inda ya zare. In mai ƙyallin take so, haƙƙinta ne, budurwa ce kuma Sallah ce. Ƙyallen da za ta cire, in ta ba ki don ranta, kyautarta ce. Ni ba malama ba ce, ki tabbatar wajen malamin islamiyyarku don zuciyarki ta kwanta. In kuma ba ta bayar ba, ki yi musu sallama da fara'a.

Batun faɗan kuwa, ki sake karanta wasiƙarki. Yarinyar da ta yi dariya, ta ci gaba da sa rigarta tana rufe ta da hijabi don kada ranki ya ɓaci, ba ta riƙe ki ba. Ki yi mata addu'a, ki yafe wa kanki.

Surayya ta ce Kaka ta gaji da zaman akwati. Ko da saƙin ya dawo hannunki, kada ki mayar da shi can. Ki ɗinka shi a bakin hijabin da kike zuwa kasuwa da shi.

Ki tafi Gafasa da allura da baƙin zare. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa a yi Sallah lafiya.

Hajiya Hanne