Allon Rasto Ya Sauya Ƙafa

Yaya Vierka,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama? Mu nan Tirol lafiya lau, sai sanyi, shi ma na saba.

Ina nan ina gyaran allunan zamiya a kan ƙanƙara. Kin san mijina Rasto, ƙafar dama yake sawa gaba in ya hau allon zamiya. Jiya wai shi kaɗai ya hau dutse. Da ya kawo allonsa, sai na ga an juya maɗauran ƙafa na jikin allon irin na mai sa ƙafar hagu gaba, an tsuke su daidai ƙaramin takalmi.

Ya ce, “Haba Danica, gwaji nake!”

Ƙafarsa ma gwajin ne ya rage ta?

Kada Mama ta ji. Gobe duk wadda ta shigo kantinmu, ƙafarta zan fara kallo.

Ƙanwarki,
Danica