Ruwan Sadakar Wimalasiri

Litinin, 6 ga Maris
Isuru ya iso daga birnin Kolombo don sadakar wata uku ta babansa, Wimalasiri. Ko shinkafarsa bai gama ba ya ce, "Mama, ba zan riƙe butar zuba ruwan sadakar ba. Ban yarda akwai alloli ba, ban yarda ruwa na kai wa mamaci lada ba." Ɗana guda. Idan bai zuba ba, wa Wimalasiri ya bari?

Laraba, 8 ga Maris
Da hantsi na same shi a baranda, ƙafa naɗe, ido rufe, yana bin numfashinsa. Yadda na koya masa a ajin Lahadi na haikalinmu na addinin Buda, lokacin da yake gyangyaɗi a kafaɗar yara, farar rigarsa duk man kwakwa. Na ce, "Marar imani, me ya haɗa ka da zaman Buda?" Ya ce, "Numfashi dai akwai shi, Malama."

Alhamis, 9 ga Maris
Na kai ƙara wurin tsohon malamin haikalinmu. Dariya ya yi har goron bakinsa ya fito. "Ke kika karantar da rabin garin nan. A ina Buda ya ce sai an yarda kafin a zauna?" Na ce ruwan fa, ranka ya daɗe? Ya ce, "Wannan tsakaninku ne."

Juma'a, 10 ga Maris
Kewar Wimalasiri. Shi da ya iya lallashin yaron nan.

Lahadi, 12 ga Maris
An yi sadakar. Da aka fara karatu na ɗaga butar ni kaɗai, dangi na taɓa juna a bayana yadda aka saba, don wanda ya taɓa mai zubawa shi ma ya zuba. Butar ta yi min nauyi, ruwan na sauka gefen kwano. Sai na ji an tallafe gwiwar hannuna. Isuru ne. Har kwanon ya cika ya tumbatsa bai saki ba.

Daga baya ya ce, "Ke na riƙe, Mama, ba butar ba." Ya san al'adar sarai.

Talata, 14 ga Maris
Ya koma. Na zauna a gurbinsa na baranda, saboda iska kawai. Sai da rana ta ɗaga na tuna ban kunna wa alloli fitila ba. Na ɗan ƙara zama tukuna.