Ɗakin da Ba a Sa wa Gilashi Ba

Ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya shago, yaya ɗinki, yaya Auta? Tunda kin daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun direban coci, in ga ko ita ma za ki kashe ta.

Albishirinki: an naɗa ni shugaban kwamitin kare yara na ikilisiya. Mun je horaswa, mun dawo da takardar shaida har da hatimi. Ki zo ki ga aiki. Kowace ƙofa ta ajin yara an yanka an sa mata gilashi, an manna doka a bango da manyan baƙaƙe cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro. Rigakafi ai ya fi magani. Ƙarshen wata manya za su zo daga hedkwata su duba.

To, a ranar Auta ce za ta ja waƙa ita kaɗai, sai ga malamin waƙa ya kawo mini kuka wai ta daina zuwa gwaji. Bawan Allah har ya rame don damuwa. Kada ki kunyata ni gaban baƙi, ki turo ta.

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Ina gaida matarka da 'yarka 'Yar Baba.

Ban ɗaga waya ba don maganar ba ta waya ba ce, kuma bakina ya ƙi ɗaukarta. Ka zauna kafin ka karanta.

Malamin waƙa yana tsayar da Auta bayan an tashi gwaji, wai zai gyara mata murya. Yana kai ta ɗakin ajiye ganguna, na bayan bagaden coci. Wannan ɗakin ba ku sa masa gilashi ba, ko? Ai ma'aji ne, ba aji ba. Abin da yake yi mata a ciki ba zan rubuta ba. Ina gwada mata rigar mawaƙa, na kai awo ƙugunta, ta ture hannuna ta fashe da kuka. A nan na ji komai. Shekararta goma sha uku, Yaya.

Tun da babanta ya rasu kai ne ubanta. Ka raba mutumin nan da yara, ka kai maganar ga hukuma kamar yadda takardarku ta bango ta ce. Kuma na roƙe ka don Allah, kada a haɗa ta da shi, kada ta ga ko inuwarsa.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Salama gare ki. Ki kwantar da hankalinki, an gama magana.

Na san in na faɗa miki za ki tada jijiyar wuya, shi ya sa na bi ta makaranta na ɗauko Auta da kaina, tunda sun san ni kawunta ne. Mun bi doka sau da ƙafa. Ba ta keɓe da kowa ba, dattawa duka suna nan, Fasto yana nan, ƙofa a buɗe. Littafi ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka faɗa masa a gabansa, don haka muka zaunar da ita gaban malamin muka ce ta maimaita. Ta ba mu wahala, sai da muka yi ta cewa ta ɗaga murya, mai jan waƙa guda!

Da kin ga mutumin nan da kin tausaya. Ya durƙusa, ya yi kuka da majina, ya ce Shaiɗan ne. Fasto ya karanta mata cewa wanda bai yafe ba, shi ma ba za a yafe masa ba. Ta ce ta yafe. Suka yi musafiha, muka yi addu'a, har da tafi.

Mun kuma ƙara tsaro: daga yau matar malamin za ta riƙa zama a wurin gwaji, manya biyu ke nan. Batun hukuma ki bar shi. Ba a kai ɗan'uwa ƙara gaban na waje, kuma in kin yi, dattawa za su sa ki a horo. Ba zan iya hana su ba, ba zan ma gwada ba.

Ubangiji ya ba ki zuciyar gafara irin ta 'yarki.

Yayanki

*

Shugaban kwamiti,

Gaisuwa, tunda an koya mana gaisuwa.

Ranar da ka dawo da Auta ka sauke ta a bakin titi, ba ka shigo ba. Ta wuce ni ta nufi famfo. Ta yi ta wanke hannun nan na dama da sabulun wanki har ya saɓule, kuma har yau in na kau da ido tana can.

Na je wurin 'yan sanda. Wata jami'a mai kirki ta fitar da kowa, ta zauna da ita a ƙasa, ta yi ta lallashi. Abu ɗaya Auta take faɗa: “Na yafe.” A hanya na ce, “Auta, me ya hana ki magana?” Ta ce, “Mama, in na janye, wuta zan shiga.” Jami'ar ta ce in yarinya ba ta buɗe baki ba, hannunsu a ɗaure yake. Ka iya aiki, Yaya. Malamin ya ce mata kada ta faɗa, ta faɗa. Ku kuka ce ta yi shiru, ta yi.

An sa ni a horon. Na zauna a bencin baya, an wuce ni da gurasar Jibin Ubangiji, an miƙa wa malamin. Amma daga baya ana ganin coci da kyau. Na ga matarsa tana gyangyaɗi da jariri a goye, ita ce tsaron naku. Na kuma ga wadda aka ba waƙar Auta: 'Yar Baba ce. Mai jan waƙa ita yake tsayarwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran.

Maman Auta

*

Ƙanwata,

Na gaishe ki, ko da ba ki cancanta ba.

Ashe abin da ke cin ki ke nan, an ba 'yata waƙa! Ki ji kunya. Mutum ya tuba gaban Allah da dattawa, ke wace ce da za ki ci gaba da binsa da sanda? Tun muna yara haka kike, in aka ba wani abu sai kin tofa masa yawu.

Manya sun zo, sun leƙa kowane gilashi, sun yaba. Sun ce sauran ikilisiyoyi su zo su koya a wurinmu. 'Yar Baba ta yi waƙa har wata baƙuwa ta share hawaye. Kina can baya, na san kin ji.

Ki nemi gafarar malamin, a ɗage miki horo.

Yayanki

*

'Yar'uwata,

Gaisuwa. 

'Yar Baba ta ƙi zuwa gwaji. Uwarta ta matsa mata, ta faɗa. Ɗakin ganguna.

Na kai maganar, sai dattawa suka ce tunda 'yata ce, ba ni da baki a ciki. Dokar tana nan, ni na rubuta ta. Mataimakina ya sa zaman sulhu ranar Alhamis, ya ce yadda aka yi wa 'yar ƙanwa haka za a yi wa 'yar yaya, kada a ce an yi son kai. Na ruga wurin jami'ar nan. 'Yar Baba ta kasa magana, ta san abin da aka yi wa Auta. Jami'ar ta ce in yara biyu suka tsaya tare, ɗaya za ta ƙarfafa ɗaya.

Na durƙusa miki. Ki roƙar mini Auta.

Ɗan'uwanki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa.

Ka turo mini 'Yar Baba yau tare da uwarta, kuma ka gaya wa makaranta kada su miƙa ta ga kowa, ko da ya ce shi kawunta ne. Kai kada ka zo.

Na karanta wa Auta takardarka. Ta saurara har ƙarshe, tana duban hannunta. Ta ce in gaida Kawu, in ce masa ta riga ta yafe.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka