Ni na tona asirin taubashiyata, wata ake zargi

Assalamu alaikum Anti da duk masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku daure ku kai ƙarshe, don zagin da na yi wa kaina a makon nan ya ishe ni. Jibi Asabar za a ɗora mini Alƙur'ani a hannu don a gano mai laifi, kuma mai laifin ni ce.

Ni 'yar Goronyo ce. Shekara biyu ke nan ina koya wa mata rawar motsa jiki a tsakar gidan mahaifinmu, Talata da Asabar bayan la'asar. Yawancinsu manyan mata ne da likita ya ce su rage zama, masu hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. Sai mu kulle ƙofar zaure, kowa ta ajiye wayarta a faifai, a tuɓe hijabi, a ci ɗamara da gyale, in kunna kiɗan ƙwarya a 'yar sifika, mu yi ta taku har gumi ya karyo. Abin da mazajensu suka sani shi ne motsa jiki irin na asibiti. Ba ƙarya ba ne, amma kalmar rawa ba ta ƙetare zauren nan. Ba wadda ta kafa dokar, kowa dai ta san da ita.

Komai lafiya har ranar da Yaya Kulu ta shigo, kuma wannan ba sunanta ba ne. 'Yar gwaggona ce, wato taubashiyata, ta kuma girme ni nesa ba kusa ba. Wanda ya san taubasantaka a wajenmu ya san halin da na shiga. Tana da damar ta tsokane ni a gaban kowa, in na ɓata rai ni ce marar tarbiyya. To ita kuwa ta riƙe damar nan hannu biyu. Sai an fara take zuwa, da ƙuli-ƙuli a ƙullin zane tana raba wa mutanen da na tara don su rage ci. In na ce a juya hagu, ta juya dama ta bangaje ta kusa da ita. In taku ya fara daidaita, ta rangaɗa guɗa, kowa ta ɓalle da dariya. In ta gaji ta hau turmi ta zauna tana sharhi: "Ku dube ta don Allah, Malamar tsalle! Jiya-jiya nika goya ta tana yi min hitsari ga baya, yau ita ad da ɗaya, biyu, ukku!" Ni kuma in yi yaƙe, zuciyata tana tafasa. Wa zai koyi abu a wajen wadda ake yi wa dariya?

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na mayar da ita layin baya, sai duk suka koma waige. Na dawo da ita gaba, ta riƙa kwaikwayon yadda nake ɗaga kafaɗa. Na ja ta gefe na roƙe ta da girman Allah, ta kama haɓa ta ce, "Hushi kika yi da taubashiyakki? Wanga abu ko sarki bai hana shi." Na kai kuka wajen Innarmu, ta ce, "Wasa na, ke ma ki rama mana." Ta yaya zan rama ina tsaye a gaban mata ashirin ina ƙirga taku? Mata uku suka daina zuwa, ɗaya ta aiko mini cewa ita lafiya ta zo nema, ba wasan kwaikwayo ba. Ranar na yi kuka don takaici.

Ana haka muka je bikin suna a Wurno, na haɗu da yayar mijin Yaya Kulu. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, shi kansa mijin yana ba da karatu a zaure. Hajiyar ta kama hannuna ta ce, "Allah shi yi miki albarka, an ce kina taimakon Kulu da ciwonta." Da na ce amin na wuce, da yau ban rubuto muku ba. Amma sai na yi murmushi na ce, "Ai Yaya Kulu ta warke, Hajiya. Ba ki gan ta ba in kiɗi ya yi daɗi, ita ka yi muna guɗa." Ta saki hannuna. Ta ce, "Kiɗi? Kiɗi kuka yi?" Na yi kamar ban ji ba na shige cikin mata. Kada wani ya ce suɓutar baki ce. Wallahi na san abin da nake yi, tun a mota nake juya maganar a raina.

Ran Talata Yaya Kulu ba ta zo ba. Malam ya ce ba za a kira matarsa mai rawa ba, ya hana ta. Kuma ga abin da ya fi ba ni kunya: na ji daɗi. Aji ya yi tsit, hagu ta zama hagu, muka gama a kan lokaci, na sha ruwa ina jin kaina sakayau.

Sai aka fara tambayar wa ya fitar da magana, don kowa ta tsorata da nata gidan. Hajiyar Wurno ta ce wa ƙanenta an dai gaya mata, ta ƙi faɗin suna. Nan take ido ya koma kan Ige, wata 'yar Taloka da ke aure a maƙwabtan Yaya Kulu. Laifinta ɗaya, mako guda kafin nan Yaya Kulu ta taka mata ƙafa, cikin fushi Ige ta ce, "In ba ki bari ba sai na gaya ma Malam." Kowa ta ji, kowa ta tuna. Aka daina tsayawa kusa da ita a layi, in ta yi sallama a amsa a ciki. Rannan ta zo ɗaukar wayarta a faifai wata ta ce a duba ko ta naɗi murya. Ige ta dube ni da hawaye ta ce, "Malama, ke kin san halina, ki yi magana." Ni da ya kamata in buɗe baki, sai na sunkuya ina gyara wayar sifika. Wace irin mace ce ni?

Shekaranjiya Inna ta matsa mini na je duba Yaya Kulu. Na tarar da ita a kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura, ta rame a fuska. Ko a haka sai da ta ce, "Maraba da Malamar tsalle," amma muryar ba ƙarfi. Muna cikin hira ta kama gwiwarta ta hagu ta ce, "Bari in gaya miki abin da ban gaya ma kowa ba. Ƙahwag ga tun bara ba ta bin umurnina. In kin ce hagu, sai in ji ta awa an ɗaura mata dutsi. Shi as sa nika juyawa dama in ba su dariya, gara su yi dariyata da gangan da su yi ta don tausai." Ta ce ko a gida tana kulle ɗaki ta gwada takun ita kaɗai, kuma ranar da ta zo ajina ce kawai take barci mai daɗi. Na rasa inda zan sa idona. Shekara guda tana gabana tana jan ƙafa, ni da nake kiran kaina malama ban taɓa duban ƙafar ba, bakinta kawai nake ji.

Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara mini wani. Wai Ige ta same ta har gida ta ce ita a shirye take ta dafa Alƙur'ani. Yaya Kulu ta ce ba za a ware mutum ɗaya ba, kowa za ta dafa, ranar Asabar a gidanmu, Malam ya yarda ta zo gaida Inna. Sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke za ki riƙe shi, kuma ke za ki hwara, don sauran su saki jiki. Kowa ya san jinina ba ya yi min haka."

Tun daga lokacin ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in ɗora tukunya in manta gishiri. Rantsuwar ƙarya da littafin Allah ba zan yi ba, ko za a yanka ni. In na ce ba ni da lafiya, an ɗaga ne kawai, Ige kuma tana nan da baƙin suna. In na je wajen Malam in roƙe shi ya bar ta ta dawo, da wane baki, alhali ni na kai maganar gidansu? In na faɗi gaskiya a gaban mata, ajin ya watse, don ba wadda za ta sake tuɓe hijabi a gabana. Wannan ma zan iya ɗauka. Abin da ba na iya ɗauka shi ne fuskar Yaya Kulu, matar da ta goya ni, mai hawan jini, a lokacin da za ta ji. In same ta ita kaɗai gobe, ko in fara zuwa wajen Ige in durƙusa? Na san ta ɓata mini aji, amma ita a gaban idona ta yi, ni kuwa ta bayan gida na bi.

Ɗazu ta aiko mini da ƙuli-ƙuli a leda, da saƙon wai in ci in yi ƙarfin riƙe Alƙur'ani. Yana nan a gabana na kasa taɓawa. Don Allah jama'a, me zan yi?