Riƙe Min

Kuala Lumpur,
Rabi'ul Awwal, 1443

Zuwa ga Yayata Hajjo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara da duk mai cin tuwon gidan nan na Yakasai. Allah ya ƙara mana lafiya, ya yaye mana wannan annoba da ta raba zumunta, ya jiƙan waɗanda ta ɗauke mana. Na ji daɗi da aka ce hawan jinin ya sauka, amma na san ki da gishiri, don haka ki ji tsoron Allah ki rage. Mu nan alhamdu lillahi. An yi mana rigakafi ni da Malam Kabir, sukarinsa yana kwance, gwiwar damar ce kawai take ba shi wahala, musamman idan hadari ya haɗo, kin kuwa san garin nan hadari ba ya hutu.

Saƙonninki na murya duk sun iso, kuma babu wanda ya ƙare ba ki tambayi motar nan ba. Ya motar Malam, tana nan kuwa, tana tashi, za ta iya doguwar tafiya? Yaya, ni fa ƙanwarki ce ciki ɗaya. Yaushe kika fara damuwa da mota, ke da ko a-daidaita-sahu kika shiga sai kin runtse ido? Na san abin da kike tambaya. Walida 'yar farinki ce, tunda kika haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakinki ba, ga shi ta haihu a Penang cikin kulle, babu ke babu ni a kusa. Kunya ba za ta bar ki ki ce ya mai jego ba, sai kika laɓe a bayan mota. To, na karɓa. Mota kika tambaya, labarin mota zan ba ki, ki gyara zama.

Kin tuna ta dai, farar motar nan mai ɗaki a baya, da gado da ɗan murhu da wurin wanke hannu, wadda Malam ya saya a wajen wani tsohon Bature da zai koma ƙasarsu. Ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Shekarar da kika kawo mini Walida tana 'yar shekara huɗu, ni kuma aure ya yi nisa ko ɓari ban taɓa yi ba, a cikinta muka kai ki Melaka. Muna hawa babban titi Malam ya danna ɗan maɓallin nan na gefen sitiyari ya ce masa "riƙe min," ya janye ƙafarsa daga kan totur ya naɗe ta, mota kuwa ta ci gaba da gudunta ba ƙari ba ragi. Kika dafe ƙirji kina salati, kika ce a sauke ki, ba za ki zauna a motar da aljani ke tuƙawa ba. Yarinyar tana bayanki tana dariya har da faɗuwa a kan gado. Tun ranar maɓallin ba shi da wani suna a gidanmu sai Riƙe Min. Bayan mako biyu, a filin jirgi, kika miƙo mini hannunta ba tare da kin dubi fuskarta ba, kika ce, "Turai, riƙe min." Kika juya kika tafi, ba ki waiwayo ba. Na ga kafaɗunki suna rawa, ban taɓa gaya miki na gani ba don kada ki ji nauyi.

A cikin motar nan yarinyar ta girma. A nan ta koyi Fatiha, a kan hanyar Kuantan, a nan haƙorinta na farko ya fita, har yau kuma akwai zanen kyanwa da ta yi da biro a jikin ƙofar kabad, Malam ya hana a goge. Duk hutu sai mun loda tukwane da tabarma mun nufi bakin teku. Ni ina baya ina soya albasa mota na tafiya, ita tana gaba tana roƙon a bar ta ta danna Riƙe Min da kanta. Wallahi idan na tuna kwanakin nan sai in ji kewa ta cika mini ciki.

Da annobar nan ta zo aka rufe gari, sai motar ta zauna a Kampung Baru, a farfajiyar wani dattijo abokin Malam na masallaci, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ta fi shekara da rabi ba ta motsa ba. Walida ta yi ciki, ta yi laulayi, ta haihu, duk ta waya muke gani, domin an hana tsallaka jiha. An raɗa suna mijinta Zulkiflu yana riƙe da waya yana haska mana jaririya, ni ina nan zaune da garin kunun kanwar da na tanada, babu mai sha. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye miki ba. Amanar da kika ba ni ce take kwance ita kaɗai a wata jiha, babu mai dafa mata ruwan wanka.

Da aka buɗe hanya ga waɗanda suka yi rigakafi, na ce mu hau bas ko jirgi. Likita ya ce mai sukari irin na Malam ya guji cunkoso. Shi kuma Malam ya kawo tasa, wai ko ana ha-maza-ha-mata ba zai kwana a gidan suruki ba, ɗan ɗakinsu ɗaya da falo, ya fito da asuba ya yi karo da Zulkiflu a ƙofar banɗaki? Ya ce da gidansa zai tafi, ya ajiye shi a ƙasan bene. Ni ban iya tuƙa wannan ƙatuwar ba. Gwiwarsa kuma tana taka birki lafiya lau, amma ya ɗora ta a kan totur ya danne na tsawon sa'o'i, wannan kam ba za ta yarda ba. Kin ga ke nan tafiyar duka ta rataya a kan ɗan maɓallin da kika kira aljani.

Aka sa sabon batir, aka zubar da tsohon mai aka zuba sabo, motar ta yi tari ta yi atishawa ta tashi. Muka fita gwaji ta wajen Gombak. Da gudu ya daidaita Malam ya danna, ya ce riƙe min kamar yadda ya saba, 'yar koriyar fitilar ta kama, ya ɗaga ƙafa. Sai mota ta fara sanyi, tana ja da baya, har wata babbar mota ta yi mana hon. Ya sake, haka. Ya sake, haka. Muka dawo gida. A wajen cin abinci ya ce wataƙila lokacinsu ne ya wuce tare, shi da motar. Ban ji daɗin maganar ba ko kaɗan, na ce masa tsufa ba ya zuwa ta maɓalli, ya ci abincinsa.

Makanikai biyu muka kai wa. Na farko yaro ne da na'urarsa a hannu, ya zagaya yana neman inda zai soka ta bai samu ba, ya yi dariya ya ce motar ta girmi babansa. Na biyu ya leƙa ya girgiza kai ya ce "tak boleh lah," wato ba za ta yiwu ba, kayanta sun ƙare a duniya. Sai Malam ya ce to, shi da ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi, waya da tiyo ba za su gagare shi ba. Muka koma zuwa Kampung Baru kullum bayan hantsi, kowa da takunkuminsa, ni da flas ɗin shayi. Ya fara da fis ɗin wutar mota, ya ciro ya ɗaga a rana, lafiyarsa ƙalau. Ya ce wataƙila makunnin da ke bayan birki ne ya maƙale, domin idan na'urar ta zaci ana taka birki ba za ta riƙe ba. Ya tsayar da ni a bayan mota yana takawa yana saki, ni ina kallon fitilar birki ina cewa ta kama, ta mutu, ta kama, ta mutu, har matar gidan ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya. Nan ma babu laifi. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana kankare tsatsa. Ya duba igiyar ƙarfen da ke jan totur, ya sa mata mai. Kowace rana mu fita gwaji, kowace rana ta ƙi. Walida kuma kullum sai ta kira ta ce, Umma, yaushe? Kwanakin jego suna ta tafiya.

Abin da ya rage shi ne iska. Malam ya yi mini bayani cewa injin yana zuƙar iska ta wani siririn tiyo, zuƙar ce take jan wata roba a cikin wani ɗan gwangwani, robar kuma ta ja totur ta riƙe. Idan tiyon ya huje ko da kamar bakin allura ne, zuƙar ta tashi a banza. Matsalar ita ce tiyon ya bi ta ƙarƙashin kujera ya shige lungunan da hannu ba ya kaiwa. Ya ce manyan gareji suna da injin da ke hura hayaƙi a ciki, a ga inda zai ɓullo. Yana faɗa yana tsaki, don ba mu da shi. Na ce masa in dai hayaƙi ne, ai bai auri matar da za ta rasa hayaƙi ba.

Washegari na zo da gawayi da sauran turaren wutar nan na Maiduguri da kika aiko lokacin bikin Walida, wanda nake ta tattali. Malam ya huda gwangwanin madara wuri biyu, muka sa garwashi da turare a ciki muka rufe, muka ajiye shi can nesa da mota saboda fetur, ya haɗa dogon tiyo. Inji a kashe, shi yana durƙushe yana hurawa kumatu sun kumbura, ni ina ciki ina baza ido. Can sai ga wani siririn hayaƙi yana tasowa ta bayan kujerar direba, daidai gindin ƙaramin kabad. Motar duka ta ɗauki ƙamshin ɗakin amarya. Muka kwance katakon, sai ga tiyo an gaigaye shi, ga shatin haƙora, ga kashin ɓera, ga kuma ɓarɓashin wani abu baƙi da ni da Malam muka gane a take.

Daddawarki ce, Yaya. Wadda kika aiko da kuka da kuɓewa busasshiya dab da za a rufe iyaka. Maƙwabtanmu na bene ne suka dame ni da ƙorafin wari, mutanen da ke cin duriyan, ɗan itacen nan nasu mai ɗan karen wari, suna lashe yatsa, sai na kwashe na kai kabad ɗin mota na ajiye, ina ɗiba kaɗan-kaɗan. Ashe na buɗe wa ɓerayen Kampung Baru gidan abinci, da suka ƙoshi suka wanke baki da tiyo. Malam ya zauna a ƙasa yana dariya har hawaye, ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ke zai kai ƙara. Na ce ya yi haƙuri, wadda ta ɓata da daddawa ai ita ta gyara da turare. Tiyon da ya hana mu barci, a wani ɗan shagon kayan mota muka samo shi, ko kuɗin shayi bai kai ba.

Ranar Asabar bayan asuba muka kama hanyar arewa. Da muka wuce Rawang titi ya miƙe, Malam ya yi bisimilla ya danna, murya ƙasa-ƙasa ya ce riƙe min. Ya ɗaga ƙafa. Ta riƙe. Na ga dai ya cire tabarau yana goge ido da gefen hula, ni kuma na juya ina kallon gonakin kwakwar manja kamar ban taɓa ganinsu ba. An ce zumunta a ƙafa take, to tamu ranar a kan ƙafar aro ta tafi. Muka tsaya a Ipoh muka yi sallah muka huta, muka haye gadar Penang kafin la'asar.

Walida tana tsaye a ƙasan bene da jaririya a kafaɗa. Ba ta jira mun fito ba, ta buɗe ƙofar baya ta shigo, ta tsaya tana shaƙar ƙamshin da har yanzu bai bar labule ba, ta ce wannan ai turaren Inna ne. Ta nemi zanen kyanwarta ta gani. Sannan ta so ta cire takalmi ta hau gadon nan nata, hannu kuma a cike, sai ta miƙo mini takwararki ta ce, "Umma, riƙe min." Ita ba ta san abin da ta faɗa ba. Ni na sani. Na karɓa, na zauna a bakin gado, na yi kukan da na daɗe ina bin kaina bashi.

Ki gaishe mini da maigida Alhaji Hambali, da Hureira da yaranta, da Sirajo, ki ce masa na ji labarin sabon shago, Allah ya sa albarka. Ki gaishe da Gwaggo Ɗelu da kyau, ki ce ina nan ina yi mata addu'a. Malam yana gaisuwa, ya ce a aiko da wata daddawar amma a haɗo da kyanwa.

Sauran amsar tambayarki kuma, ga ta. Motar da kike tambaya lafiyarta ƙalau. Mako uku na yi ina dafa mata ruwa safe da yamma, tana shan kunun kanwa, ta yi haske ta yi kumatu, nono ya wadata. Idan ta yi dariya, haƙoranki ne sak. Ranar da za mu taho ta tambaye ni ko Inna tana tambayarta, na ce mata kullum, babu saƙon da ba ta tambaya. Na riƙe miki, Yaya, iyakar ƙarfina. Ranar Juma'a bayan sallah za ta kira ki. Ba sai kin ambaci suna ba, ki ɗauka kawai ki ce ya mota, na gaya mata abin da ake nufi.

Wassalam. Taki har kullum,
ƙanwarki Turai