Hajara Ta Juya Ni Gabas

Jega, daren Laraba, cikin Sha'aban

Yau na sallaci la'asar ina fuskantar arewa, a ɗakin da na shekara arba'in ina kwana. An yi shara an gusar da tabarma, ni kuwa ban gani ba. Ina raka'a ta biyu na ji hannuwan ɗiyata Hajara a kafaɗuna, ta juya ni gabas a hankali.

Da na sallame na ce mata ban roƙi kowa jagora ba, kuma garin Aliero da take nacin in koma wurinta can ba zan taka ba.

Ta ce, "Inna, ke kika koya muna labarin makahon ladanin Madina. Shi ma ai sai an ce mishi gari ya waye yake kiran salla."

Shekara talatin ina karantar da labarinsa a aji, da na makafin malamai mahaddata, ina nuna wa ɗalibai cewa ba su jingina da kowa ba. Wannan gaɓar na san ta sarai, tsallake ta nake yi.

Likita ya riga ya faɗa, hasken idona ba zai dawo ba. Ko wannan rubutun ban sani ba ko bisa layi yake.

Hajara ta haɗa kayanta, gobe za ta koma ita kaɗai kamar yadda na umarta. Bakina ya kasa tsayar da ita. Na dai bar ƙofata a buɗe, ko za ta leƙo da asuba ta ce mini gari ya waye.